Cacar da Ba Ta Biyan Kowa

A Kanada, matsayin da ƙwallon ƙafa take da shi a wurinmu shi hoki na ƙanƙara yake da shi, har da ɗoriya. Mutum shida-shida ne ke shiga fili, har da mai tsaron raga, kowa da takalmi mai kaifaffen ƙarfe a ƙasa da sanda mai lanƙwasasshen kai, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da bai kai faɗin tafin hannu ba. Zagaye uku ake yi, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa galibi ba ya cika minti ɗaya a fili sai ya fita wani ya faɗo, ana cikin wasa, ba tare da alƙali ya hura usur ba. Babbar gasarsu, NHL, a Montreal aka kafa ta a 1917, yau kuma ƙungiyoyi 32 ne a cikinta, 7 a Kanada, sauran a Amurka.

Tun 1991 kamfanin Electronic Arts, wanda aka fi sani da EA, yake fitar da gem ɗin wannan gasa. Wanda ya fito a 1993, NHL '94, har gobe akwai magidanta masu furfura a Kanada da Amurka da ke haɗuwa su yi gasarsa. Yadda cinikinsa yake kuwa a bayyane ne: ka biya kuɗin kaset, ka soka a na'urar gem ta Sega, magana ta ƙare. Wayne Gretzky yana ciki, Mario Lemieux yana ciki, duk wani gwani na wancan zamani yana ciki, kuma babu wanda zai sake miƙo maka hannu ya ce ƙaro kwabo.

Ni ba na cikin masu ganin gem a matsayin shiririta zalla. Na taɓa riƙe hannun gem na gwada hokin nan, ni da ban taɓa taka ƙanƙara ba, na kuma ga abin da ke sa mutane son sa: sauri, lissafin inda abokinka zai kasance kafin ya kai wurin, da wannan daɗi na ka miƙa faifan a buga shi nan take ba tare da an tsayar ba. Wasa ne na gaske, mai buƙatar hannu da kai. Rigimata da abin da aka dasa a cikinsa daga baya ce, wato sayar wa mutum abu a rufe, sai ya biya zai ga abin da ya samu.

A 2009 EA ta ƙaddamar da wani sashe a gem ɗin FIFA mai suna Ultimate Team, a 2010 ta kawo irinsa cikin na hoki, ana ce masa HUT. A nan ba a ba ka ƙungiya shiryayya. Kai za ka gina taka da katunan 'yan wasa, katunan kuma a cikin fakiti suke zuwa, a rufe. Kana iya tara kuɗin wasa da gumin yatsunka ka sayi fakiti, kana kuma iya ciro katin banki ka sayi maki, makin ya saya maka fakitin yanzu-yanzu. Abin da ke ciki sai ka buɗe za ka gani.

Ya kamata mutum ya tsaya ya kalli yadda ake buɗe fakitin nan, don a nan duk hikimar take. Ba a zube maka katunan gaba ɗaya. Allon ya ɗan yi duhu, haske ya fara zagaye fakitin, kiɗa ya tashi, katunan su jeru a kife. Ka juya na farko, wani ne da ko sunansa ba ka taɓa ji ba. Na biyu ma haka. In akwai babba a ciki, kalar hasken takan canza tun kafin ka ga fuskarsa, ta yadda zuciyarka za ta buga kafin idonka ya tabbatar. Daƙiƙun nan kaɗan su ne hajar da ake sayarwa. Yaron da ke son Connor McDavid, gwanin ƙungiyar Edmonton, a ƙungiyarsa zai iya buɗe fakiti bayan fakiti bai gan shi ba, kuma kowane fakitin da ya tafi a banza ƙara masa jin cewa na gaba ne yake yi. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce masanin halayya B. F. Skinner ya nuna wannan da tattabaru da ɓeraye: ladar da ba a san lokacin zuwanta ba ta fi riƙe dabba a kan danna maɓalli fiye da ladar da ke zuwa a kan ƙa'ida. Injinan caca na Las Vegas a kan wannan suke tsaye.

Sai kuma ɗanyen aikin da ya fi ba ni haushi. Idan kaka ta zo, sabon gem na shekara ya fito, ƙungiyar da ka kashe wa kuɗi da barci ba ta bin ka. Katunan suna nan a tsohon, inda kowa ya watse, daga baya ma kamfani ya rufe hanyar buga shi ta intanet. Ka sayi sabon gem a kan kusan dala 70, ka koma farko, ka sake neman McDavid ɗin da ka riga ka samu bara.

Kada a ɗauka ƙaramin kasuwanci ne. A rahoton da EA ta miƙa wa hukumar kasuwar hannun jari ta Amurka na shekarar kuɗinta da ta ƙare a Maris 2021, sashen Ultimate Team kaɗai ya kawo mata dala biliyan 1.62, kashi 29 cikin 100 na duk abin da ta samu. Mafi yawan kuɗin daga FIFA ya fito, wato gem ɗin da ake bugawa a kowane gidan gem daga Fagge zuwa Damagaram, wanda tun 2023 ya koma EA Sports FC. Hokin ƙaramin ƙane ne a wannan gida, amma tukunya ɗaya suke ci. eFootball na kamfanin Konami, da samarinmu suka fi bugawa a waya, shi ma yana sayar da damar zaro ɗan wasa a makance.

To, caca ce ko ba caca ba ce? Ƙasashe sun rabu. A Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce caca ce, ta ambaci FIFA 18 da wasu gem biyu, a Janairun 2019 kuma EA ta daina sayar da makin FIFA a ƙasar. A Holan hukumar can ta ɗora wa EA tarar da za ta iya kai Yuro miliyan 10, wata kotu a Hague ta goyi bayanta a 2020, sai kotun ƙoli ta harkokin mulki ta soke hukuncin a Maris 2022. A Birtaniya wani kwamitin majalisar dattawa ya nemi a shigar da su cikin dokar caca a 2020, gwamnati ta amsa a 2022 cewa ba za ta yi doka ba, kamfanoni su gyara da kansu. A Kanada kuwa, gidan hoki, kuma inda EA take da ofishin da ke ƙera gem ɗin a kusa da Vancouver, an shigar da ƙara a lardin British Columbia a 2020 kan fakitocin NHL da na Madden, gem ɗin ƙwallon Amurka na EA. A 2023 alƙaliya ta yi watsi da zargin caca, ta bar zargin yaudarar masu saye ya ci gaba.

Hujjar da ake kafawa a kusan duk inda kamfanin ya tsira iri ɗaya ce. Doka ta ce caca ita ce ka zuba kuɗi, sa'a ta yanke hukunci, ka ci wani abu mai darajar kuɗi. Katin McDavid ba a mayar wa EA da shi ta ba ka dala, saboda haka ba ka ci komai ba, saboda haka ba caca ka yi ba. Na daɗe ina juya wannan hujja, kuma kullum sai in ga kamar ta juyo ta sari mai ita. Ɗan caca na shagon unguwa, duk da asarar da yake tafkawa, wata rana mai shagon zai ƙirgo kuɗi ya ba wani. A nan kuwa an gina gidan da kuɗi ke shiga ba ya fita ko sau ɗaya. Katin da ake ba ka bai ci wa kamfani komai ba, za su iya buga miliyan nasa ko su buga goma, su ke riƙe da lissafin. Wato abin da ya sa ya fi caca muni shi ne ya wanke shi a gaban alƙali. Dokokin an rubuta su ne zamanin karta da tseren doki, lokacin da ba wanda ya yi tunanin mutum zai zubar da albashinsa don hoton da ke zaune a kwamfutar wani.

A Yunin 2019 wata babbar jami'ar EA, Kerry Hopkins, ta bayyana gaban kwamitin majalisar wakilan Birtaniya ta ce su ba-zata suke sayarwa, irin ta ƙwan cakulan na Kinder da yaro ke fasawa ya ga abin wasa, kuma mutane suna jin daɗinsa. Masu kare kamfanin sukan ƙara da cewa yaran Kanada sun shekara da shekaru suna sayen katunan hoki na kwali a rufe, ba wanda ya ce uffan. Gaskiya ne. Mu ma nan mun san allon balan-balan na ranar Sallah, wanda za ka ba da kuɗinka ka ciro lamba, kana hangen ƙaton da ke rataye a sama, a miƙo maka ɗan mitsitsi. Amma mai balan-balan ba ya bin ka gida. Ba ya tashin ka da ƙarfe biyu na dare ya ce garaɓasa za ta ƙare nan da awa ɗaya, bai san sau nawa ka ciro jiya ba balle ya gyara farashi daidai da rauninka, kuma kuɗin Sallarka na ƙarewa wasa ya ƙare. Katin kwali ma naka ne, ka ajiye shi a akwati ko ka sayar. Akwai katin Gretzky na 1979 da aka sayar dala miliyan 3.75 a 2021. Na HUT shekara ɗaya yake yi ya mutu.

Masu bincike a Birtaniya da wasu ƙasashe sun sha gano cewa waɗanda suka fi kashe kuɗi a irin waɗannan fakitoci su ne suka fi nuna alamun matsalar caca, gwamnatin Birtaniya ma ta amince da wannan alaƙa a bayaninta na 2022. Gardamar da ta rage ita ce wanne ya haifi wanne. Ni dai ban ga wanda ya fi wani sauƙi ba. In fakitin ne ke koya wa yaro caca, an cuce shi. In kuma masu larurar ne ke faɗawa fakitin, to kamfani yana tatsar marasa lafiya ke nan.

Ga wanda ya yi karatun fiƙihu ko na zaure ne, wannan muhawara ta kotunan Turai za ta ba shi mamaki, domin babin ciniki ya daɗe da rufe ƙofar tun kafin a kai ga maganar caca. Sharaɗi ne a san abin da ake saye, a san farashinsa. Hadisin da ya hana cinikin garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, yana cikin Sahih Muslim, tare da hana cinikin jifa da tsakuwa, wanda mutum zai jefa, abin da ta faɗa a kai shi ya saya. Ba a tambayi ko za ka iya sake sayar da abin ba. Ni ba malami ba ne, fatawa ta masu ita ce, amma ina mamakin yadda ake cika mumbari da zancen askin samari da tsawon wando, wannan kuwa da ke cikin aljihun kowane yaro shiru kake ji. Wani abin dariya ma, a Satumban 2025 aka sanar da yarjejeniyar sayen EA a kan dala biliyan 55, kuma a cikin masu sayen har da asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya.

Hoki dai na masu PlayStation da Xbox ne. Inda abin ya shafi kowa da kowa shi ne ƙananan gem na waya, waɗanda ake bugawa a layin banki, a cikin adaidaita ana jiran fasinja, ko uwar gida tana jiran tuwo ya sulala. Da yawanmu da macijin Nokia muka fara, wanda ya fito a 1997. Ka ci, ka yi tsawo, ka ciji jelarka, ka sake. Ba talla, ba data, ba kanti. Yau kuma Candy Crush ne, da Subway Surfers na 'yan Denmak da ya zama gem na farko da aka sauke sau biliyan ɗaya a Google Play a 2018, da Ludo King na Indiya.

Candy Crush ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne malamin sauran. Kamfanin King ya fitar da shi a 2012. Rai biyar ake ba ka, duk matakin da ka faɗi rai ɗaya ya tafi, kuma sai bayan minti 30 wani ke dawowa. Matakan farko kamar shan ruwa, ana ta yaba maka da babbar murya. Sai ka kai wani mataki ka maƙale. Ka yi ta yi, har ran da za ka ga saura alewa ɗaya tak ka gama, motsinka kuma ya ƙare. A daidai wannan lokaci, ba kafin nan ba, allo zai buɗe: ga ƙarin motsi biyar, ka biya da sandunan zinare. Ka duba da kyau, wanda ya ɗaure ka shi ne ke sayar maka da wuƙar yanke igiya. Wahalar ba daga sama ta faɗo ba, wani ne ya zauna a ofis ya auna ta, ya gwada ta a kan miliyoyin mutane, ya gano daidai inda takaici ke sa hannu ya tafi aljihu ba tare da mutum ya goge gem ɗin ba.

Dabarar ta yi aiki fiye da zato. Activision Blizzard ta sayi King a kan dala biliyan 5.9 a 2016, Microsoft ta haɗiye su duka a 2023, a shekarar ce kuma King ya sanar cewa Candy Crush ya haura dala biliyan 20 tun fitowarsa. A gaban kwamitin nan na majalisar Birtaniya a 2019, wani jami'in King, Alex Dale, ya faɗa da bakinsa cewa mutum fiye da miliyan 9 suna yin awa uku ko fiye a rana a kan wasan, kuma akwai wanda ya kashe dala 2,600 a yini ɗaya. Mafi yawan masu bugawa ba sa biyan ko sisi. 'Yan ƙalilan ne ke ɗauke da kasuwar, kuma a cikin ƙalilan ɗin nan akwai masu hali, akwai kuma waɗanda ba su iya tsayawa.

Mutum ɗaya na sani a wannan sana'a da ya ja da baya don kansa. Dong Nguyen, ɗan Vietnam da ya ƙera Flappy Bird, ya cire gem ɗin daga kasuwa a Fabrairun 2014 yana tsakiyar tashe, ana cewa yana samun kusan dala 50,000 a rana ta talla, ya ce abin ya zama jaraba ga mutane. Ba a samu layin masu koyi da shi ba.

Akwai wata dabara da ta haɗa hokin da alewar da gem ɗin harbi duka, ita ce ɓoye kuɗi a bayan wani kuɗin. Ba a ce maka abu kaza naira kaza ne. Sai ka fara sayen maki, ko zinare, ko dayamon, sannan ka kashe su, kuma ana sayar da su a ƙunshin da ba ya taɓa yin daidai da farashin abin da kake so, kullum sai ɗan canji ya rage da zai ja ka ka ƙaro. Wata ƙanwata ta kira ni hankali a tashe, kuɗin zubin adashinta sun yi ƙafa daga asusun wayarta. Da aka bi sawu, ɗanta ne, wanda ko sakandare bai shiga ba. Ya haddace lambar sirrinta, ya riƙa tura wa wani mai sayar da dayamon da suka haɗu a guruf, yana juya wata ƙafar sa'a a gem ɗin harbi don neman wata riga da bindiga mai walƙiya. Na zaunar da shi na ce, kai yanzu ba ka ji tausayin mahaifiyarka ba? Ya ɗago yana hawaye ya ce, "Kawu, wallahi ni ban san sun kai haka ba, dayamon nake gani suna raguwa." Na yarda da shi. An yi masa hukuncin da ya dace da ɗaukar abin da ba nasa ba, amma tsarin da ya ruɗe shi manya ne masu digiri suka zana shi don ya ruɗar. Rigar ma bai samu ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 a 2014 kan sayayyar da yara suka yi ba izini, Google ma dala miliyan 19 a shekarar. A Disamban 2022 kamfanin Epic, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520, daga ciki miliyan 245 na mayar wa mutanen da aka ja su sayayyar da ba su yi niyya ba ne. A Janairun 2025 masu Genshin Impact suka amince da tarar dala miliyan 20, da sharaɗin daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwatin sa'a, wato irin fakitin nan na rufe, sai da yardar iyaye.

Akwai hujja guda da nake girmamawa a ɓangaren masu kare wannan tsari, kuma ta shafe mu kai tsaye. Gem na dala 70 ya haura naira 100,000 a canjin 2025, alhali mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne. In da kowane gem sai an saya, da yawancin yaranmu sai dai su leƙa ta taga. Attajirin da ke zubar da dala a Texas shi ne ke biya wa ɗan adaidaita a Kano kuɗin wasansa. Wannan gaskiya ce, kuma duk mai son a rushe tsarin kyauta baki ɗaya bai yi tunanin talaka ba. Sai dai hujjar tana kare kyauta ne, ba ta kare sayar da abu a rufe. Ana iya ba da gem kyauta a sayar da riga a ce ga ta, ga farashinta. Rocket League ya cire akwatunan sa'a a Disamban 2019 ya koma nuna wa mutum abin da zai saya, bai mutu ba. Subway Surfers da Ludo King talla ce babbar hanyar samunsu, ka ba da daƙiƙa talatin da ɗan datarka, ka san abin da ka bayar. Tallar ma tana da nata ƙazantar, don sau da yawa a tsakiyar gem ɗin yara za ka ga an sako ta kamfanin caca ko ta masu ba da bashi ta waya, amma wannan gyaransa mai sauƙi ne in akwai mai so. Na hoki kuma ko wannan uzurin ba shi da shi, tunda an riga an karɓi kuɗin gem cif kafin a buɗe maka kanti.

Ba na goyon bayan hanyar da Sin ta bi a Agustan 2021, inda aka taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu. Wannan horar da yaro ne a kan laifin ɗan kasuwa, kuma yara sun koma amfani da asusun kakanninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, amma ita ma ta ce kaso kaɗan ne na masu bugawa abin ke kamawa. Irin wannan kuskure muke yi a gida idan uba ya ƙwace waya ya ce gem duk ɓata lokaci ne. Yaron ya san ba gaskiya ba ne, don ya san daɗin da ya ji da abokan da ya yi, sai ya daina sauraron uban gaba ɗaya, har da ranar da zai faɗa masa abin da ke da muhimmanci. Dara da langa ma wasa ne, ba wanda ya ce a hana.

Haka kuma ban gamsu da maganin da kamfanoni suka fi so ba, wato bayyana wa mai saye yiwuwar samun kowane abu a cikin fakiti. Sin ta wajabta shi a 2017, Apple ya bi a ƙarshen shekarar, Google a 2019, Koriya ta Kudu ta mai da shi doka a 2024. Yana da kyau, amma da EA ta fara nunawa a FIFA 19, abin da aka gani a kan wasu manyan katuna shi ne ƙasa da kashi 1 cikin 100. Ƙasa da ɗaya ɗin nan zai iya zama ɗaya cikin 200, zai iya zama ɗaya cikin 200,000. Kuma yaushe sanin lissafi ya taɓa hana ɗan caca zubi? Ostireliya ta ɗan matsa gaba a Satumban 2024, ta ce duk gem mai irin wannan akwati ba za a ba shi tambarin yara ƙanana ba. Beljiyam ce ta fi kowa gaskiya a takarda, sai dai wani bincike na 2022 ya gano cewa 82 cikin gem 100 da suka fi samun kuɗi a iPhone a ƙasar suna nan suna sayar da akwatunan. Manyan kamfanoni masu sunan karewa sun bi doka, ƙanana sun yi kunnen uwar shegu, hukuma kuma ba ta da ma'aikatan bin su.

Darasin Beljiyam shi ne a kama inda kuɗi ke bi. Bin gem dubu-dubu ɗaya bayan ɗaya aikin banza ne, amma shagunan manhaja biyu ne rak, na Google da na Apple, sai na PlayStation da Xbox, sai 'yan kamfanonin da ke sayar da dayamon da maki da naira. Abin da nake so a wajabta musu ba shi da yawa. Kada a sayar wa wanda bai kai 18 ba duk wani abu da sai an biya za a san mene ne. Duk abin da ke kanti a rubuta farashinsa da kuɗin ƙasa a gefen dayamon ɗin. Kowane asusu ya zo da iyakar kashewa ta wata, wadda sai baligi ya ɗaga ta da hannunsa. Baligin da ya ga duk wannan ya ce shi dai sai ya buɗe fakiti, tsakaninsa da aljihunsa da Ubangijinsa.

A Najeriya ƙofar a buɗe take. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005 a wajen Abuja, ta ce hurumin jihohi ne, a ƙarshen shekarar kuma Hisbar Kano ta yi ta rufe shagunan cacar ƙwallo. Shago ana sa masa kwaɗo, amma abin da ke cikin waya ba ya jin kwaɗo, kuma majalisun jihohin da za su rubuta sababbin dokoki yanzu suna da damar da Holan da Kanada ba su samu ba, ta su fassara caca yadda za ta haɗa da ladar da ba a canzawa zuwa kuɗi. Masu cewa ƙasa irin tamu ba ta isa ta tanƙwara kamfanin Amurka ba, su tuna hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun sauraron ƙorafi kuma ta tabbatar a Afrilun 2025. Hukumar tana da ikon neman bayanai daga duk kamfanin da ke kasuwanci a ƙasar. Ta fara da rubuta wa shagunan manhajar nan da dillalan dayamon, ta tambaye su nawa 'yan Najeriya suka kashe a cikin gem bara, nawa ne daga ciki ya tafi a abin da ba a gani kafin a biya, kuma asusu nawa ne na yara.